Kada Rasit Ya Tsaya: Kundin Aikin Haɗa Rassanmu da Ƙaura Zuwa Gajimare

Litinin, 4 ga Maris, 2024

Yau Alhaji ya sa hannu. Wata bakwai ina yawo da takardar nan daga tebur zuwa tebur, sai da Baba akanta ya sha wahalar lissafin ƙarshen shekara sannan ya shige gabana muka tunkare shi tare. Na buɗe wannan kundi ne don kaina da wanda zai gaji kujerata, domin wanda na gada bai bar min komai ba sai kwalin kebul da wata takarda mai kalmomin sirri uku, biyu daga ciki ba sa buɗe komai.

Sarin kayan masarufi muke yi: shinkafa, sukari, man girki, taliya. Hedikwata a Kano, babban sito a wajen Dawanau, rassa a Kaduna, Katsina, Gusau da Maiduguri. Kowane reshe da kwamfutarsa da manhajar cinikinsa. In an tashi da yamma, kashiya ya fitar da lissafi a Excel ya turo ta WhatsApp. Ranar da ya manta, ko cajinsa ya ƙare, ko ya tafi jana'iza, hedikwata a duhu take kwana. Sabobinmu biyu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan kamfani, suna wani ɗaki a ƙarƙashin bene inda a da masu shara ke ajiye tsintsiya da bokiti. Na buɗe murfin ɗaya da safen nan, ƙurar hunturu ta yi kauri a kan fanka har mutum ya iya rubuta sunansa da yatsa.

Abin da aka amince: a haɗa rassa da hedikwata a netwok ɗaya, a mayar da imel da manhajar lissafi gajimare, wato sabobin haya a ɗakunan manyan kamfanoni, sannan a toshe ƙofofin da muka bari a buɗe. Alhaji bai karanta shafi goma sha biyun ba. Ya sauke tabarau ya ce, "Injiniya, sharaɗina ɗaya ne. Mota ta tsaya a bakin sito, direba na jira, kada in ji an ce babu netwok, ba a iya ba da rasit." Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe." Na zo na rubuta shi a saman allon ofishina.

Juma'a, 15 ga Maris

Jiya, azumi na huɗu, intanet ya soma jan ƙafa tun da hantsi. Na kashe rauta, na'urar da ke raba mana intanet, na kunna har sau biyu, kamar yadda nake yi wa wasu dariya idan sun yi. Sai da abokan sana'a suka soma kira daga Legas da Abuja na gane ba namu ba ne. Wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Kwaddibuwa, kuma ƙasashen Afirka ta Yamma da dama sun shiga hali ɗaya da mu. Gyaran irin wannan sai an turo jirgin ruwa na musamman ya ciro wayar daga ƙasan teku ya haɗa, aikin makonni ne.

Abin da ya ƙona min rai namu ne na cikin gida. Kamfani biyu muke biya kowane wata da sunan in ɗaya ya faɗi ɗaya ya riƙe mu. Jiya tare suka durƙushe. Na bi sawun hanyar da bayananmu ke bi, sai na ga daga Kano kowa da hanyarsa, amma suna isa Legas suke shiga waya ɗaya. Ashe jakuna biyu na ɗaure a turke ɗaya, nake ta murna ina da biyu.

Bayan la'asar Alhaji ya kira ni. "To, wannan gajimaren naka ashe a ƙarƙashin ruwa yake?" Ban iya musa masa ba.

Na sauya tsarin tun a takarda. Kowane reshe zai riƙe ƙaramar na'ura da ke iya fitar da rasit ko babu intanet, in ya dawo ta tura abin da ta tara. Kuma duk kamfanin da ya zo tallar layi daga yau zai amsa min tambaya biyu a rubuce: wace wayar teku yake bi, kuma yana da rabo a wata daban, irin Equiano ta Google da ta sauka Legas a 2022 wadda wannan ɓarnar ba ta taɓa ba? Sannan yana cikin IXPN, mahaɗar intanet ta cikin gida, don saƙon Kano zuwa Kaduna kada ya je Turai ya dawo?

Alhamis, 21 ga Maris

Kwana uku muna ƙirga abin da ke maƙale a netwok ni da yaron da ke taya ni. Na'urar naɗar hoton kyamarorin tsaro na sito a buɗe take ga duk duniya, da kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta. Mun kuma gano mai shagon caji da ke maƙwabtaka da mu ya shekara yana shan wayfai ɗinmu. Na rufe na farko nan take. Na biyun sai da na je na gaishe shi, na yi masa bayani, don maƙwabci ba a yanke masa abu a boye.

Litinin, 8 ga Afrilu

Lissafin kuɗi ya ci min makon nan gaba ɗaya, ga Sallah jibi.

Masu tallar gajimare suna cewa ka daina sayen ƙarfe, ka biya gwargwadon abin da ka ci. Maganar ta fi daɗi ga wanda kuɗinsa ke zaune wuri ɗaya. Mu da dala ake caje mu, da naira muke ciniki. A Mayun bara dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka sake ta a Yuni ta haura 700, a Fabrairun bana ta wuce 1,500. Ta ɗan sauko kwanan nan, amma wa zai ɗora kasafin shekara a kan wannan? Baba akanta ya ce saba in ka saya ka saya, ita haya kuwa kowane wata sai ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai dai zaman gida ma ba kyauta ba ne. Ranar 3 ga watan nan aka mayar da kuɗin wutar masu rukunin A, waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane ma'auni, ya ninka fiye da sau uku. Ga man janareta, ga na'urar sanyaya ɗakin saba da ba ta hutawa dare da rana. Ga kuma lasisi: tun da kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, mai manhajar da ake ɗora sabobi a kanta, a Nuwamban bara aka daina sayar da lasisin dindindin, sai na haya. Don haka sabar da za ta rage a gida zan ɗora ta a kan Proxmox, wata manhajar mai irin wannan aiki.

Batun inda za a ajiye kayan shi ma da nasa. Microsoft ya buɗe ɗakunansa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Cape Town a 2020 da ɗan reshe a Legas a farkon 2023, Google a Johannesburg a Janairun bana. A taswira Afirka ta Kudu gida ce. A waya kuwa, na gwada na ga ɗaya daga layukanmu sai ya bi ta Landan kafin ya gangara can, tafiyar ta ninka. Wannan jinkirin ƙiftawar ido ne, amma tsohuwar manhajar lissafinmu mai surutu ce, kafin ta fitar da rasit ɗaya sai ta yi wa rumbun bayanai tambayoyi barkatai, kowace sai ta jira amsa. Ka tara ƙiftawar ido ɗari biyu, direba ya fara huci. Mafita ita ce manhajar da rumbunta su zauna ɗaki ɗaya a can, ma'aikaci hoton allon kawai zai riƙa zo masa.

Litinin, 6 ga Mayu

Reshen Kaduna ya zama zakaran gwajin dafi. Mun sa na'urar da ake kira SD-WAN, wadda aikinta bai wuce na ɗan kamasho a tasha ba: tana duba layukan da ke gabanta kowane daƙiƙa, ta ga wanne ke da lafiya, ta ɗora kaya masu muhimmanci a kansa, ta bar masu kallon bidiyo su yi haƙuri da saura. Layi uku muka ba ta, wayar faiba, sim na 4G, da dish ɗin Starlink mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta samu a Janairun 2023.

Ban yarda da abin da allo ya nuna min ba. Na sa kashiya ta soma rubuta rasit, ina tsaye a bayanta na zare wayar faiba daga jikin na'urar. Ta ci gaba da bugawa ba ta ko ɗago ba. Na cire sim ɗin. Rasit ya fito. Na kashe dish ɗin ma, ƙaramar na'urar reshe ta karɓa, rasit na biyu ya fito da alamar "ba a tura ba tukuna". Manajan reshe ya ce, "Yallaɓai, sake yi in gani." Sau uku na yi masa.

Mun kuma raba netwok ɗin gida huɗu: na kashiya da lissafi, na sauran ofis, na kyamarori, na baƙi. Babu mai leƙa gidan wani. Kwana biyu da gamawa masu aikin kwalbati suka sare faibar a bakin titi da gaske, babu wanda ya sani a reshen sai da na kira na faɗa musu.

Talata, 28 ga Mayu

Na'ura ba ta taɓa ba ni wahalar da makon nan ya ba ni ba.

Kusan kowa a hedikwata da kalmar sirri ɗaya yake shiga manhajar lissafi, sunan kamfani da 123 a ƙarshe. Wasu sun manna ta a ƙarƙashin allon rubutu. Da na ce kowa zai samu tasa kuma ba a ba wa wani, sai ɗakin ya yi tsit kamar na zagi iyayen mutane. Wata kashiya ta same ni daga baya ta ce, "Injiniya, mutumin nan sa'an mahaifina ne. Ya ce in ba shi ya duba abu, in ce a'a? Ai cewa zai yi na mai da shi ɓarawo." Gaskiyarta. Littattafan tsaron bayanai da nake karantawa an rubuta su ne don wuraren da ƙin ba abokin aiki kalmar sirri ba ya taɓa zumunci. Nan yana taɓawa.

Na daina maganar masu kutse daga ƙasashen waje, don babu wanda ya taɓa ganinsu. Na koma maganar mai riƙe da sito. Shekara nawa yana aiki, wa ya taɓa jin haushinsa don bai ba da aron mukulli ba? Kowa ya san in buhu ya ɓata shi za a kira. Na ce daga yau duk rasit da aka soke, duk farashin da aka sauya, da sunan wanda ya shiga zai fito. In ka ba wani taka, ka ba shi damar sa hannu da sunanka. Wannan ta shiga. Kashiyar nan ma ta samu abin faɗa ba tare da ta yi rashin kunya ba: "Baba, Injiniya ya hana, kada a kama ni."

Sai mataki na biyu, wato bayan kalmar sirri a tabbatar ta waya cewa kai ne. Baba akanta ya ce shekara ashirin da biyu yana riƙe da littafin kamfanin nan ko sisi bai ɓata ba, yau waya ce za ta shaide shi? Na sunkuyar da kai na bar shi ya gama. Wasu kuma ƙananan wayoyi masu tocila ke hannunsu, ba sa ɗaukar manhaja. Na Alhaji ya fi duka: wayarsa rabin yini a hannun yaron da ke bin sa take, kuma duk abin da ya fito yana neman amincewa danna masa yake yi don ya daina ƙara. Da irin wannan aka yi wa kamfanin Uber kutse a Satumban 2022, an yi ta turo wa mutum ɗaya buƙatar amincewa har ya gaji ya danna. Shi ya sa tun Mayun 2023 Microsoft ya tilasta a riƙa rubuta lambar da ke kan allo, ba danna "na yarda" kawai ba.

Na sayo wa Alhaji da Baba akanta ɗan mukullin tsaro da ake cusawa a jikin kwamfuta, girmansa bai kai yatsa ba. Baba ya juya shi ya juya, ya zura shi a zoben da mukullin sef yake. Tunda ya zama mukulli, rigima ta ƙare.

Litinin, 24 ga Yuni

Saura ƙiris kuɗin tirela biyu na man girki su tafi.

Ranar Alhamis, bayan hutun Babbar Sallah, imel ya shigo daga dilanmu na Legas, a cikin zaren hirar da ake yi da shi tun watan jiya, da takardar kuɗi mai tambarinsu da sa hannu. Wai bankinsu na bincike, a tura kuɗin wannan karon wani asusu. Katangar tsaronmu ba ta ce komai ba, matatar imel ba ta ce komai ba. Ni ma da na duba sai a karo na biyu na ga a adireshin an sa r da n a jere inda m take.

Baba akanta ne ya tsaya. Ya ce mutumin nan shekara tara bai taɓa rubuto masa ba tare da ya fara da gurguwar Hausarsa ta "sannu Alhaji, yaya aiki" ba, balle bayan Sallah. Wannan kuwa Turanci ne tsantsa, ko barka da Sallah babu. Ya ɗauki tsohon littafinsa na lambobi ya kira. Ba su san zancen ba. Akwatin imel ɗinsu aka shiga aka zauna ana karanta hirarmu, ana jiran ranar biya.

Na je ofishinsa na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "To, wayar taka ta shaida?" Na ce ba ta shaida ba, Baba.

Doka sabuwa, Alhaji ya sa hannu: duk wanda ya ce ya sauya asusu, sai an kira shi a lambar da muke da ita tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba, kuma mutum biyu su amince. Na duba akwatunanmu duka ko an dasa umarnin tura kwafin saƙo waje, babu. Da an samu, da aiki ya ƙaru, domin dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar NDPC idan bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar da su. Lambobin wayar abokan ciniki da takardun ma'aikata duk a hannunmu suke.

Litinin, 22 ga Yuli

Ranar Juma'a wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta kwantar da kwamfutocin Windows a duniya, Microsoft ya ce kusan miliyan 8.5. Filayen jirgin sama, asibitoci, bankuna. Ba kutse ba ne, manhajar tsaro ce da kanta. Mu ba ma amfani da ita, amma na kwana ina karanta yadda ake gyaran: a je gaban kowace kwamfuta da ƙafa, a tayar da ita ta hanyar gaggawa, a goge fayil ɗaya. Wadda aka kulle faifanta da BitLocker kuwa sai an kawo doguwar lambar buɗewa mai lamba 48.

Nan gabana ya faɗi. Namu lambobin suna cikin sabar ƙarƙashin bene, wadda ita ma a kulle take da irin kullen. Mukullin akwati a cikin akwatin. Da safen nan na buga su a takarda, na rufe a ambulan, suna cikin sef.

Na kuma tsara yadda sabuntawa za ta riƙa shiga: tawa da ta yarona farko, washegari Katsina, bayan kwana uku kowa. Amma na'urorin da ke bakin ƙofar intanet ba za su jira ba. A bana kaɗai an sanar da manyan ɓaraka a na'urorin VPN, masu ba ma'aikaci damar shiga netwok ɗin ofis daga nesa, na Ivanti a Janairu, Fortinet a Fabrairu, Palo Alto a Afrilu, kuma masu kutse ba sa ɗaukar hutu kafin su fara gwadawa. Waɗannan ranar da gyara ya fito, daren nan zan sa.

Litinin, 29 ga Yuli

A ƙarshen mako an rufe layukan waya masu yawa kan batun haɗa su da NIN, yau hukumar sadarwa ta NCC ta ce a buɗe. Sim ɗin rautocin Katsina da Gusau na ciki. Laifinmu ne: da sunan wani yaro da ya bar aiki shekara biyu da suka wuce aka yi musu rajista. Na fara takardun mayar da duk layukan na'urori sunan kamfani.

Talata, 6 ga Agusta

Zanga-zangar 1 ga wata ta rikiɗe a Kano, aka sa dokar hana fita ta awa 24, aka fasa wurare, har da cibiyar fasahar zamani ta NCC. Kwana huɗu ban taka ofis ba. Daga gida na riƙa kallon ƙofar sito ta kyamara ina kiran Baba maigadi, Alhaji na kirana duk rabin awa. Albashi ya fita daga falon Baba akanta, da ɗan mukullinsa. Abin da ya hana ni barci shi ne duk kwafin ajiyar bayananmu yana gini ɗaya da sabobin. Da wuta ta tashi, da asali da kwafi tare za su tafi. Na matso da aikin kwafin waje gaban komai.

Alhamis, 12 ga Satumba

Madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri daren Litinin wayewar Talata. Mutanenmu duk suna raye, alhamdu lillahi. Biyu sun rasa gidajensu, suna wajen 'yan'uwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa jama'a da alheri. Kwana biyu ban iya tambayar manaja zancen kwamfuta ba, shi ya kawo maganar da kansa.

Ruwa ya kai ƙugu a reshen, kwamfutocin kuma a ƙasa suke ƙarƙashin tebur. Da yake mun haɗa su a ƙarshen Agusta, cinikinsu har na yammacin Litinin yana wurinmu. Abin da babu shi ne lissafin bashi. Manaja a wani Excel nasa yake riƙe da shi a fuskar kwamfutarsa, don wasu manyan abokan ciniki ba sa son sunansu ya shiga manhaja a ga ana bin su. Ban san da fayil ɗin ba, don ban tambaya ba. Na tambayi kowa wace manhaja yake amfani da ita, ban tambayi kowa me yake ɓoyewa a gefe ba. Na ce kada su kunna ta, kada su shanya faifan a rana, su naɗo shi a turo Kano in hanya ta buɗe.

Jiya na yi abin da ya kamata in yi tun Afrilu: na ɗauki kwafin ajiya na gwada mayar da shi a wata na'ura kamar komai ya ƙone. Ya dawo, amma awa goma sha ɗaya ya ci, kuma babban fayil ɗin takardun ma'aikata tun Yuni ba ya shiga, manhajar na ta turo gargaɗi zuwa imel ɗin wanda na gada. Yanzu kwafi uku ne, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gari, kuma na wajen an kulle shi yadda ko ni ba zan iya goge shi ba sai kwanakinsa sun cika. Masu garkuwa da bayanai don kuɗin fansa kwafin ajiya suke fara nema kafin su kulle komai.

Litinin, 28 ga Oktoba

Mako guda ke nan babu wuta a yawancin Arewa. TCN, mai kula da manyan layukan wuta na ƙasa, ta ce layin Ugwuaji zuwa Apir ne ya samu matsala, ga na Shiroro zuwa Mando da aka riga aka lalata. Janareta na aiki tun safe har dare, mai na tafiya kamar ana zubarwa. Na kashe saba ɗaya, na bar ɗaya da fanka a gabanta, ƙofa a buɗe, ƙura na shiga ina kallo.

Da daddare sabis ɗin waya kan yi rauni a wasu unguwanni, don turakun sabis ma da mai suke rayuwa. Rassan da muka sa wa sola da batir, Kaduna da Katsina, ko gezau. Gusau da ba mu kai ga sa mata ba, rasit na fita daga ƙaramar na'ura, sai an tayar da janareta take turowa.

Ranar Asabar UPS ɗin hedikwata, batirin da ke riƙe kwamfutoci in an ɗauke wuta, ya yi ta kuka. Na bi waya na tarar an ja ta ta taga zuwa ɗakin maigadi, wayoyin unguwa sun fi talatin a jere a kan tabarma, kuma wani bawan Allah ya haɗa hita yana dafa shayi. Na cire hitar. Wayoyin na ja musu layi daga janareta, don wanda ya ga halin da ake ciki ba zai kore su ba.

Yau Baba akanta ya kawo min takardar kuɗin mai na mako ya ajiye a tebur. Ya ce, "Yaushe za ka kwashe kayan nan naka zuwa sama?"

Litinin, 9 ga Disamba

Mun ƙaura daren Asabar. Na sa wa kaina iyaka: in an kira assalatu abu bai tsaya ba, mu koma tsohuwar saba, babu gardama. Ƙarfe goma aka rufe ciniki, sha biyu da rabi bayanai suka gama hawa, jimillar kaya da ta kuɗi suka yi daidai da na takardar Baba akanta har kwabo. Ƙarfe biyu sikelin auna motoci na Dawanau ya ƙi magana. Wanda ya haɗa shi shekarun baya ya rubuta lambar adireshin tsohuwar saba a cikinsa kai tsaye, ba suna ba. Yarona ya hau babur cikin sanyin nan da kwamfuta a goye, ni ina waya, mai shayin bakin titi na aiko mana kofi bayan kofi. Huɗu saura kwata ya amsa.

Yau bakwai da minti arba'in rasit na farko ya fito daga Gusau, na gan shi a allona kafin direban ya ninke nasa.

Litinin, 27 ga Janairu, 2025

Takardar kuɗin gajimare ta cikakken wata ta zo, ta haura ƙiyasina. Na bi ta layi layi. Sabar gwaji da na kunna a Nuwamba na manta ban kashe ba, tana ta cin dala ba mai amfani da ita. Sai kuɗin fitar da bayanai: shigarwa kyauta ne, fitarwa ake biya, kuma kwafin da nake saukowa da shi Kano kowane dare cikakke nake ɗaukowa maimakon abin da ya sauya kawai. Na gyara duka biyun, na sa ƙararrawar da za ta turo min saƙo in kashe kuɗi ya kai rabin kasafi. Na kai wa Baba akanta da kaina kafin ya gano.

Makon jiya NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, sai na sake lissafin layukan rassa. Windows 10 kuma za a daina ba shi gyaran tsaro ranar 14 ga Oktoban bana, kuma cikin kwamfutocinmu 61, guda 23 ba za su ɗauki Windows 11 ba, galibi don ba su da guntun tsaro na TPM 2.0. Ban kai wa Alhaji wannan ba tukuna, ina jiran ranar da ciniki ya yi kyau.

Wani sabon abu ya ɓullo. Na tarar da wani a sashen talla ya kwafe jerin masu bashi, da sunaye da lambobin waya, ya zuba wa manhajar ƙirƙirarriyar basira don ta rubuta masa wasiƙun tuni. Wasiƙun sun yi kyau, ban ɓoye masa ba. Toshewa ba za ta yi ba, da wayarsa zai koma yi. Na rubuta shafi ɗaya da Hausa: a nemi taimakonta da tsarin wasiƙa, suna da lamba da adadi a cike su da hannu. Za a karanta a taron Laraba.

Faifan Maiduguri ya dawo daga wurin mai ceto, an samu fayil ɗin bashi amma na watan Yuli ne. Manaja na bin sauran da baki, shago shago, kuma ya ce yawanci suna faɗin abin da ake bin su da kansu. Na buɗe masa wuri a manhaja da shi da Alhaji kaɗai ke gani.

Gobe da sassafe Gusau, da faifan sola huɗu da batir biyu a bayan mota. Na kira manaja ya nemo tsani, na wancan karon gajere ne.